Gyaran Murya

A layin karɓar magani ta sake jin mijinta. Daga 'yar lasifikar da ke saman taga ya yi gyaran murya, sannan ya kira mai lamba ta gaba. Ta dafa bango. Mutumin da aka binne tun bara ne fa!

Mai gyaran kwamfuta ne, Buɗe-mu-gani ake ce masa, don ya tsani na'urar da aka hana shi leƙa cikinta. Da mahaifiyarsa ta makance sai ya haɗa mata manhaja mai karanta rubutu, ya zuba muryarsa a ciki, har da gyaran muryar nan da yake yi kafin kowace magana, wanda ke sa matar ta ce masa ya sha ruwa mana. Da ya gama ya sake ta ga duniya: kowa ya ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani. Ta ce ya yi kyauta da guminsa. Ya ce ba kyauta ya yi ba, 'yantawa ya yi.

To, 'yancin nan shi ya zame mata fatalwa. A tashar mota muryarsa ce, a wayar maƙwabciya muryarsa ce. Ta rasa inda za ta tsaya ta yarda cewa ya mutu.

Ta je shagonsa, ta roƙi abokin aikinsa ya kashe muryar. Ya sunkuyar da kai, ya ce ko marigayin ya dawo ba zai iya janye ta ba, da gangan ya tsara haka.

Wata safiya surukarta ta kira ta ɗaki, wayar na hannunta. Manhajar ta sabunta kanta. Muryar na nan, amma sumul, babu gyaran murya, tana faɗawa cikin magana kai tsaye.

"Wannan ba ɗana ba ne," in ji tsohuwar.

Ashe wani bawan Allah a wata ƙasa ya ɗauka gyaran muryar kuskure ne, ya cire shi, har aka yi masa godiya. Ita da ta nemi a kashe muryar gaba ɗaya, sai ga matar tana kuka wiwi a kan ɗan tarin da aka cire.

Ta koma shagon. Abokin ya ce ba abin da ya ɓace, kuma haƙƙin da wancan ya samu na cirewa ita ma tana da shi na mayarwa. Ya juyo mata da allon, ya nuna mata layin da aka cire a cikin manhajar. Da yatsa ɗaya ta danna.

Yanzu a asibiti da tasha baƙo ne ke magana. A ɗakin tsohuwa kuwa, da matar ta kunna wayar, ya yi gyaran murya.

"Sha ruwa mana," ta ce, kafin ta tuna.