Albashin Gam

Maran Tang ya kai babban ɗansa Gam wurin Turawa da ƙafarsa. Babu wanda ya tilasta shi. A shekarar ne Japanawa suka hau tsaunukan Kachin, suka ƙone rumbunan ƙauyensu, suka yanka ɓaunarsa suka cinye yana kallo. Da ya ji Turawa suna raba wa samari bindigogi a hayin kogi, sai ya ce wa Gam ya rataya takobinsa su tafi.

Sajan ɗin da ya karɓe su ba baƙo ba ne. Lahpai La ne, ƙanin marigayiya matar Tang, kuma uban Roi matar Gam. Shi ya ba Gam takobin nan ranar aure, kamar yadda iyayen mace suke yi, domin ya sare wa 'yarsu gona da shi, ya kuma kare ta da shi.

"Tsoho, ashe har yanzu kana iya hawan dutse?" in ji La, yana dariya. "Ka kawo mini damisa."

"Mijin 'yarka na kawo maka," in ji Tang. "Ka dawo da shi."

* * *

Bayan damina biyu Gam ya dawo, ƙafa biyu, hannu biyu. Labarinsa ya riga shi isowa. An ce shi ne mai kafa tsinken gora a gefen hanya, in an buɗe wuta Japanawa su faɗa kai. Tang ya yanka alade, ya fito da giyar shinkafa, ya zauna a bakin murhu yana karɓar gaisuwa kamar shi ya yi yaƙin.

Gam bai ci naman ba. Ya ja jiki zuwa kusurwa, ya fito da gwangwanin madara daga jakarsa. Ciki baƙin ƙaro ne, wanda ake kira ofiyom, cike har baki.

"Mene ne wannan?"

"Albashi ne, Baba. Takardar kuɗi ko ƙwai ba ta saye a daji. Da wannan ake biyan mu, mu musanya da kaza ko shinkafa."

"To, ka musanya mana."

Gam ya murza kaɗan da busasshen ganyen ayaba, ya cusa a lofen gora, ya kai wuta.

Tang ya san abin. Tsofaffi kan taɓa ɗan ƙwaya in ciki ya murɗa, ko in ƙashi ya hana su barci. Bai taɓa ganin saurayi da gwangwani guda ba. Daga baya ya ji yadda aka yi. Atuni ya kama su Gam a kurmi, ga zazzaɓi, ga matsattsaku sun cinye ƙafafu. Magani ya yi nisa, albashi kuwa yana cikin jaka.

Kafin girbi gwangwanin ya ƙare. Kugen tagulla na kakanni ya ɓace daga bango. Azurfar da ke jere a rigar bikin Roi ta fara raguwa, ɗaya bayan ɗaya. Duk sanda fatake masu alfadarai suka ratsa ƙauyen, wani abu yakan bi su.

Da lokacin saran sabuwar gona ya zo, Tang ya hau gangaren, ya tarar da Roi ita kaɗai, goyo a baya, tana fama da kurmi da wuƙar girki. Tafin hannunta ya fashe.

"Ina mijinki?"

"Yana kwance, Baba. Jikin ne."

"Ina takobin?"

Ta sunkuyar da kai. "Don Allah kada ka tambaye ni."

A ƙarƙashin tabarmar Gam ya sami kuben, babu komai a ciki. Bai daki ɗansa ba. Ya ɗaga hannu, ya ga abin da zai daka, haƙarƙari ne da idanu biyu masu ruwa. Ya sauke hannun, ya tafi da kuben.

* * *

Ana shirin cinna wa gonar wuta La ya iso, da kakinsa da bindigarsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a gefen murhu na sama, wurin manyan baƙi. Gidan da ya ba ka mata yana gaba da kai har abada. In ya nemi abu, ba a ce masa a'a. Tang kuwa mata biyu gidan Lahpai suka ba zuriyarsa, tasa da ta ɗansa.

La ya kwance kaya. Gishiri, farin yadin laimar da jirgi ke jefo kaya da ita, sai gwangwanin madara.

"Japanawa sun juya kudu, Yaya. Saura ƙiris. Muna neman samarin da suka san hanyoyin dutse. Naw nake so."

Naw, ƙanin Gam, yana bakin ƙofa, ƙirji a buɗe. "Kawu, ni a shirye nake. Ko yau."

"Rufe bakinka," in ji Tang.

Sai ga motsi daga kusurwa. Gam ne ya jiyo warin ofiyom. Ya taho da rarrafe, zani yana zamewa daga ƙugunsa, ya durƙusa a gaban surukinsa. Bai gaishe shi ba. Gwangwanin yake kallo.

"Kawu, ɗan kaɗan. Kamar ƙwayar shinkafa. Ai tare muka yi, ka san yadda yake."

La ya kawar da kai. Roi ta ajiye goran giya, ta fita ba ta dubi ubanta ba.

"Ni ma da shi ake biya na," in ji La, muryarsa ta yi ƙasa. "Ka ga na zama haka? Wani ya sha, wani ya sayar. In ba mu kori Japanawa ba za su dawo, Yaya. Ka manta rumbunka? Ka manta ɓaunarka?"

Tang bai manta ba. Ya san gaskiya La ya faɗa. Ya san gobe ƙauye zai ce Maran Tang ya ɓoye ɗa a bayan murhu, ya kuma kunyata gidan surukai, kuma Naw ba zai ƙara samun mata daga gidan Lahpai ba. Ya yi tunanin rumbu. A rani ɗaya ya sake gina shi. Ya dubi Gam a gefen gwangwani, yawu yana bin haɓarsa.

Ya miƙe, ya ciro kuben daga cikin jinka, ya ajiye a kan tabarma tsakanin gishirin da gwangwanin. La ya gane saƙar igiyar kuben. Da hannunsa ya yi ta.

"Yaya, ni ne fa. Ni kake hanawa?"

Tang ya tura gwangwanin da ƙafa, har ya taɓa gwiwar La.

"Kai ne. Ɗauki kayanka. Ba zan ba ka Naw ba."