Ruwan Sanyi a Shagon Katifa

Mijina katifa yake sayarwa a wani babban shago na bakin titi. A farkon aurenmu mutum ne mai nauyin baki. In ya yi mini laifi ba ya iya cewa ki yi haƙuri, sai dai ya yi ta zagaye gida yana gyara abin da bai lalace ba, har in gaji in yi dariya. In ni na yi masa, ya ɗaure fuska ya ƙi cin abinci, can yunwa ta koro shi kicin yana buɗe tukwane a hankali don kar in ji. Faɗanmu har maƙwabta sun haddace shi. A lokacin ban san cikin arziki nake ba.

Sai aka kawo musu sabon manaja, wanda ya ce duk wanda ba ya ciniki ya san inda dare ya yi masa. Ya tura musu karatun wasu littattafai a waya, irin waɗanda ke bayanin halin ɗan Adam da yadda zuciyarsa ke rabuwa da kuɗi. Mijin nawa, Baban Auta, ya maƙala abin sauraro a kunne, yana aski yana ji, yana cin abinci yana ji. Ba a daɗe ba ciniki ya buɗe masa, har aka manna hotonsa a bangon shago.

A gida kuwa faɗa ya mutu murus. Ina fara ɗaga murya zai dube ni cikin natsuwa ya ce, "Na ji ki." Sai in nemi fushin in rasa. Har na yi wa ƙanwata burga, ta ce, "Yaya, faɗa mini gaskiya, wane malami ne ya yi miki aikin nan?"

Da Babana ya rasu, ranar da masu gaisuwa suka watse, ina zaune a bakin gado ko kuka na kasa. Baban Auta ya shigo da kofin ruwan sanyi ya miƙo mini. Ya jawo 'yar kujera ya zauna ƙasa da ni, yana kallona daga ƙasa. Na ce, "Ban samu mun yi sallama ba."

Ya ce, "Ba ki samu kun yi sallama ba." Ya yi shiru. Can ya dafa ƙirjinsa, ya ɗan karkata kai. "Duk wanda yake matsayinki, haka zai ji."

Nan kukan ya ɓalle mini. Wannan zaman na ɓoye shi a raina, duk ranar da duniya ta yi mini zafi shi nake ɗaukowa. Na ce ko ba komai, akwai ranar da wani ya gan ni har ciki.

Bayan Mama ta fita takaba na ce ina so ta dawo wurinmu, tunda muna da ɗaki guda da babu kowa a ciki sai kwalaye. Bai ce a'a ba. Shi ai ya daina cewa a'a.

"Mahaifiyarki ce, ke za ki zaɓa," in ji shi. "Ko ta zauna gidan yayanki mu riƙa yi mata hidima daga nan, ko a kama mata ɗaki kusa da shi ta samu sakewa. Wanne kika ga zai fi mata?"

Na yi ta juya biyun a raina, na zaɓi gidan Yaya. Har godiya na yi masa. Da na gaya wa Mama ta dube ni ta ce, "To, tunda ke kika ga ya fi." Aka sa ta a mota zuwa garin Yaya, tafiyar wuni guda.

Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar na kulle makullina a cikin gida, sai na wuce shagon in karɓi nasa. Ban taɓa ganinsa a bakin aiki ba. Na tsaya bayan wasu katifu da aka jingine cikin ledarsu, ina jira ya sallami wata dattijuwa. Wata 'yar ƙaramar katifa take nunawa da yatsa, can a lungu.

Ya kawo mata kofin ruwan sanyi. Ya jawo 'yar kujera ya zauna ƙasa da ita. Na ce wa raina ai ladabi ne.

"Tunda maigidan ya rasu na kasa barci a kan tsohuwar," in ji matar.

"Kin kasa barci a kanta," in ji mijina. Ya yi shiru. Ina tsaye ina roƙon Allah kar ya dafa ƙirji. Ya dafa. Ya karkata kai, daidai wancan gefen. "Hajiya, duk wanda yake matsayinki, haka zai ji."

Matar ta sa gefen mayafi tana share ido. Ya bari ta gama, sannan ya kai ta gaban wasu manyan katifu biyu. "Barcinki ne, ke za ki zaɓa. Wannan ko wannan?" 'Yar ƙaramar da ta nuna ba ta cikin maganar. Ta zaɓa, ta yi masa godiya, har da sa albarka. Abokin aikinsa ya ƙyafta masa ido ta bayanta.

Ban karɓi makullin ba. A ƙofar gida na zauna da kayan miyana har ya dawo da yamma.

Muna shiga na faɗa masa abin da na gani. Ya ajiye jaka ya ce, "Na ji ki..."

"Kar ka ji ni! Ka yi mini tsawa mana, ka ƙi cin abinci, ka yi wani abu da ba a koya maka ba!"

Na matsa kusa da shi.

"Ranar rasuwar Baba, me ka sayar mini?"

"Wallahi tallahi, Maman Auta, ranar tausayinki na ji."

"Ita tsohuwar fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ita ma na ji."

Da ƙarya ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na ce, "To Mama? Ina ɗakin kwalaye ya shiga cikin zaɓin da ka ba ni?"

Ya yi shiru. Na jira, ya ci gaba da shiru, har na ji bakina yana ƙaiƙayin in sassauta masa. Nan na gane. "Shirun nan ma a cikin karatun yake, ko?"

Da ƙyar ya ce, "Sun ce wanda ya fara magana shi ke sakin hannu. Amma yanzu ba shi nake yi ba. Ina jin ba shi nake yi ba."

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi ƙoƙari. Ya goge karatun daga waya. Ya kwashe kwalayen da hannunsa, ya yi wa ɗakin fenti, ya kawo katifa mafi tsada a shagonsu. Ni kuwa ina kallo ina tunanin ko wannan ma babi ne a littattafan nan. Na kira Mama na ce ɗakinta na jiranta.

"A'a, 'yar nan," ta ce. "Tsohuwa ba kayan guga ba ce, da za a yi ta kai ta ana dawowa da ita. Ai kin riga kin zaɓa."

A can ta rasu. Yaya ne ya kira ni da hantsi, ina shanya.

Na shiga ɗakin da aka yi wa fenti na zauna a kan katifar, ledarta ma ba a cire ba. Na ji dawowarsa daga shago a guje, na ji buɗe firji. Ya taho har bakin ƙofa da kofi a hannu, sai ya tsaya cik. Hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarsa, kuma shi mutum ne da ya ƙaunaci Mama. Ni kuma, uwata ko wanka ba a yi mata ba, wuyansa nake kallo in ga ko zai karkata. Na tsani kaina, amma na kasa dainawa.

"Ban san yadda zan ba ki ba," in ji shi. "In na zauna, akwai shi a cikin littafi. In na tsaya, akwai shi. Ki faɗa mini yadda nake yi a da."

Na nemi yadda yake yi a da, na rasa. Ni ma na manta.

Ya durƙusa ya ajiye kofin a ƙasa, tsakanina da shi, ya koma ya jingina da ƙofa. Maƙogwarona a bushe yake ƙamas. Muna nan muna kallon kofin har sanyin ya fita daga ruwan.