Zanen Mai Gadin Fitila

Mu da muka saba zuwa taron masoya littattafan zane na birnin Duluth a Amurka mun san Lahadi ce ranar araha. Kafin la'asar masu tebura sun gaji, ba wanda ke son ya sake loda kaya a mota. A lokacin Desmond Pruitt ke fita farauta. Dabararsa ɗaya ce: ya ɗauki abu, ya jujjuya, ya kushe shi har mai kayan ya karaya.

Bana ya zo da ƙanwarsa Charmaine. Ya yi shigar Mai Gadin Fitila, jarumin da yake so tun yana firamare: doguwar riga ruwan toka wadda ya ɗinka da kansa, malafa, da fitila rataye a ƙugu.

Can ƙarshen layin masu zane, wata tsohuwa na cire hotuna daga allo tana jerawa a kwali. Idon Desmond ya faɗa kan zanen jarumin nasa tsaye cikin ruwan sama.

"Iya, nawa wannan?"

"Dala tamanin."

Ya yi tsaki. "Tamanin, a kan kwaikwayo? Dubi bakin malafar, duk a karkace. Hannun ma kamar cokali mai yatsu."

Charmaine ta taka masa ƙafa. "Des, ka saya ko ka ajiye musu kayansu."

"Ke bari, ba ki san harkar ba." Ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji. "Na san zanen O. Brandvold, mai asalin zanen jarumin nan, kamar yunwar cikina. Mutumin nan ba ya jan layi sau biyu. Da zai ga wannan da ya kai ki ƙara. Ashirin zan ba ki, don dai kada ki koma da shi gida."

Tsohuwar ta karɓi hoton, ta daɗe tana kallonsa.

"Gaskiyarka, ɗana, ya karkace," in ji ta. "Tun da na yi shanyewar ɓarin jiki hannun ya daina jin maganata. Kawo ashirin ɗin."

Ta ɗauki alƙalami, ta tallafe hannun dama da na hagu, ta sa hannu a ƙasan hoton a hankali. Desmond ya ga harafin O mai ɗan harshen wuta a sama. Shi ne a bangon kowane littafi da ke ɗakinsa.

Mai sayar da riguna a tebur na gaba, wanda ya ji komai, ya ce, "Orla, ki bar manyan kwalayen, zan zo in taya ki." Bai ko kalli Desmond ba.

Zufa ta karyo masa a cikin rigar. Bai taɓa tunanin O. Brandvold mace ce ba. Ya laluba aljihu da sauri, fitilar ƙugunsa ta bugi tebur, alƙalumanta suka zube ƙasa. Charmaine ce ta durƙusa tana tsincewa.

"Iya, don Allah ki karɓi tamanin ɗin. Ban sani ba ne."

"Ciniki ya faɗa," in ji Orla, ta miƙa masa hoton. Sai ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Rigar ta yi kyau. Har facin kafaɗar ka sa, yawancinsu mantawa suke."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya sunkuya ya ɗauki kwali. Shi ya yi ta jigilar kayanta zuwa wata tsohuwar mota a bayan zauren, kansa a ƙasa, yara na roƙon ya tsaya su ɗauki hoto da shi. Da ya gama ta yi masa godiya irin wadda ake yi wa kowane ɗan dako, ta ja motarta.

A hanyar gida Charmaine ce ke tuƙi. Da suka fita daga gari ta tambaye shi.

"Mu tsaya mu ci abinci?"

"Mu dai je," in ji shi.