Kamarar da Ba Ta Gani Sai an Kware Ta

A Madarumfa in ka tambayi Sama'ila mai rediyo, kowa da abin da zai gaya maka. Masuntan bakin tafki sun ce hannunshi na da albarka, don rediyon da ya faɗa ruwa ma in ya je wurinshi sai ya yi magana. Mata masu saida kayan lambu sun ce mutumin kirki ne, amma ba ya bari ka gama bayani: kana cikin cewa "jiya ne dai na ɗora shi bisa…" ya riga ya kwance kusoshi huɗu. Taubashinshi Ɗan Azumi, direban da ke jigila tsakanin Madarumfa da Maraɗi, cewa yake ko ƙwai ka ba Sama'ila ajiya sai ya fasa ya ga abin da ke ciki.

Da rediyo ya ja baya, Sama'ila yana da shekara arba'in da takwas ya shiga wata makarantar koyon gyaran ordinata, wato kwamfuta, a Maraɗi. Bara ya yi jarrabawa ya faɗi. Bana malaminsu, Mushe Abdoul Aziz (Mushe dai laƙabin malamin boko ne), wanda a haife Sama'ila ya haife shi, ya ce ba zai sa sunan kowa cikin masu zama jarrabawa ba sai ya gwada shi tukuna. Kowane ɗalibi za a ba shi ordinata irin mai murfi, wadda Mushe ya ɓata wani abu a cikinta da gangan. Wanda bai maido tashi da lafiyarta ba kafin azahar ɗin Laraba, sai baɗi.

Ta Sama'ila kamara ce ba ta aiki, ƴar ƙaramar nan da ke saman murfi. Ran Asabar Ɗan Azumi ya kawo ta a motarshi, tare da takarda daga Mushe mai jerin matakai. Na farko ya ce a tambayi mutanen da suka kusanci na'urar abin da ya faru. Na biyu, a duba da ido. Na uku, a duba pilot, wato ɗan tsarin da ke sa ordinata ta san akwai kamara a jikinta. Buɗe ciki shi ne na bakwai, kuma Mushe ya ja layi biyu ƙarƙashinshi ya rubuta: "Baba Sama'ila, don Allah."

Sama'ila ya karanta na farko ya yi dariya. Wa zai tambaya, akuya? Ya buɗe ordinatar bisa akwatin ɗaki, ya jona ta da wuta, ya tafi ta'aziyya Safo.

Ran Lahadi da hantsi ya zauna mata. Cikin minti ashirin ya kama Mushe: pilot ɗin ne aka kashe. Ya kunna shi, ƴar fitilar gefen kamara ta kawo haske. Sama'ila ya gyara hula ya matso da fuska don ya ga kanshi.

Baƙi ƙirin.

Ya kashe ya kunna. Ya cire pilot ɗin ya sake sa shi. Fitila na ci, hoto babu. Ya dubi takardar Mushe, ya dubi layi biyun nan, ya kife takardar ya ɗauko turnabis ɗinshi na kwance kusoshi.

A hankali ya ɓamɓare ƙawanyar robar da ta zagaye fuskar ordinatar. Ga kamarar nan kamar ƙwayar wake, da siririyar waya da ta biyo gefe ta shige gaɓar murfi. Ya danna bakin wayar da farce, ya kunna. Sai ga wani tsoho mai furfura a gemu ya zuro mashi ido.

"Alhamdu lillahi!" in ji Sama'ila, tsohon ma ya ce haka.

Ya maida ƙawanyar, ƙas, ƙas, ƙas. Ya kunna. Baƙi ƙirin.

Kafin azahar ɗin Litinin sau shida ya yi wannan. In ya kware ta tana gani, in ya rufe ta makance. Ya zauna ya yi nazari irin na mai shekara talatin a sana'a, ya gane ƙawanyar ce ta lanƙwashe take matse waya. Mi zai lanƙwasa ta kuwa in ba hanya ba? Wa kuma ya biyo hanya da ita?

Bayan la'asar ya isa tasha. Ɗan Azumi na zaune da sauran direbobi ana shan shayi.

"Bawana, ka zo gaida ubangidanka?" in ji Ɗan Azumi.

"Ina ka sa kayan Mushe ran Asabar?"

"Bisa cinyata, kamar jariri."

"Ƙarya kake! Ƙarƙashin buhun albasa ka danne ta. Na san ku. Ku direbobin garin nan, in aka ba ku mutum ma sai kun kai shi a lanƙwashe."

Zagi tsakanin taubasai ba a ɗaukarshi da zafi, amma wannan ya fantsama ya taɓa kowa. Sa'idu, shugaban direbobi, ya aje kofinshi ya ce, "Har da mu, Malam Sama'ila?"

"Na dai faɗa," in ji Sama'ila, ya juya.

Talata ta ƙare a gyaran ƙawanya. Ya shanya ta a rana ya ɗora mata turmi don ta miƙe, alhali da ma a miƙe take. Ya kankare cikinta da reza inda yake zaton tana matse waya. Ya canza wa wayar hanya. Ba abin da ya canza. Matarshi Ɗelu ta dawo daga lambu ta aje mashi tuwo, ta ɗauke shi da sanyi.

"Malam, wai mi ke damunta ne?"

"Ba za ki gane ba."

"To," in ji Ɗelu.

Ran Laraba da safe ya fito da ita tsakar gida don haske, ya sake kware ta karo na sha ɗaya. Hoto ya fito tas. Daidai nan Ɗelu ta biyo bayanshi, ɗaurin ƙirji, kai ba kallabi, da ƙwaryar gero a hannu. Tana ɗaga ido ta ga wata mata cikin ordinata, ɗaurin ƙirji, da ƙwarya.

"Innalillahi! Wa ya buɗe mata ido?" Ta kare kanta da ƙwaryar, gero ya zubo mata a wuya. "Ba na rufe shi ba?"

Sama'ila ya juyo a hankali. "Kin rufe mi?"

"Idon mana! Ka tafi Safo ka bar mani ita a ɗaki baki buɗe, tana kallon gado. Maƙwabciyarmu Mariama ta ce irinsu har Yamai ake ganin mutum. Ni da girmana?"

"Da mi kika rufe?"

"Tawadar Malam Idi mai makarantar allo na ɗebo a tsinke. Ɗigo ɗaya tak. Ko kai ba ka gani ba."

Gaskiya ne, ko shi bai gani ba. Ya ɗauki ƙawanyar ya ɗaga ta sama wajen rana. A tsakiyar samanta akwai ɗan gilashi kamar ƙwayar gero, wanda kamara ke leƙowa ta cikinshi. Ya kamata rana ta ratso. Ba ta ratso ba. Baƙar tawada ce ta bushe bisa baƙar roba, sumul, aikin mai haƙuri.

"Don mi ba ki gaya mani ba?"

"Ka tambaye ni? Ni da ba zan gane ba?"

Ya lashi ɗan yatsa ya goga sau biyu. Ya maida ƙawanyar, ƙas, ƙas. Ya kunna. Tsohon nan mai furfura ya fito, wannan karon ba ya murmushi.

Ƙarfe sha ɗaya saura kaɗan ya isa tasha, ordinata a rungume cikin zanen Ɗelu. Mota uku ke kan layi. Ya nufi ta farko, direban ya ce ta cika, ga kujeru a fili. Na biyu ya ce tayarshi na ciwon kai. Masu kabu-kabu da ke gefe duk suka duƙa suna duban sarƙar baburansu. Ta uku ta Ɗan Azumi ce, yana kwance bisa bonat da hula a fuska.

"Ɗan Azumi, Maraɗi za ni. Kafin azahar."

"Wa ke magana? Ina jin murya kamar ta injiniya."

"Ka tashi don Allah, sunana ne zai fita daga jarrabawa."

"A'a, ina tsoro in kai ka a lanƙwashe." Ya ɗaga hular kaɗan. "Ta gyaru?"

"Ta gyaru."

"Mi ya same ta?"

Sama'ila ya dubi ƙasa. "Wani abu ne ya shiga gaban kamara."

"Albasa?"

"Tawada."

"Tawada! Sa'idu, matso ka ji. Ni dai ban ɗauko malami a motar nan ran Asabar ba. Wa ya sa?"

"Ɗelu," in ji Sama'ila, can cikin maƙoshi.

Dariya ta tashi har mai shayi ya zubar da ruwan zafi. Wani ya ce a ba Ɗelu takardar shaidar, ita da ta ɓata abin da injiniya ya kwana uku bai gano ba. Sama'ila ya dubi inuwar bango, ta fara guntulewa.

"To, abin da ya wuce ya wuce," ya ce. "Mu tafi."

"Bai wuce ba, yana nan zaune," in ji Ɗan Azumi. "Motar nan ba ta tashi sai ta ji magana. Kuma kunnenta ɗaya ya mutu."

Sama'ila ya motsa baki.

"Sa'idu, ka ji wani abu?"

"Ƙuda ne ya wuce," in ji Sa'idu.

Sama'ila ya gyara rungumar ordinatar. Ya dubi direbobi, da masu kabu-kabu, da matan da suka tsaya da tirensu a ka don kallo. Ya share zufa, ya ɗaga murya yadda har ƴan bakin kasuwa suka juyo.

"Ɗan Azumi, na yi maka ƙazafi, ba kai ba ne. Ku ma direbobi na zage ku a banza. Ni ne ban tambaya ba. Don Allah ku yafe mani."