Hoton da Hajiya Larai Ta Ce a Goge

Yanzu da wuya mako ya wuce Sharhabil bai ɗauki hoton biki ba, amma idan aka tambaye shi yadda ya fara, sai ya ce da amaryar da ba ita ba ya buɗe sana'a. Duk wanda ya yi dariya yakan taya shi, don gaskiya ce.

Lokacin ya gama digiri yana zaune a unguwar Malali, ba aikin fari ba na baƙi, sai goge wata kyamara ta hannu da ya saya da kallon bidiyon Turawa masu koyar da haske da inuwa. Ya haddace sunan kowane maɓalli. Abin da bai taɓa yi ba shi ne shiga taron mata. Duk da haka, da Hajiya Larai, aminiyar mahaifiyarsa a wajen aiki, ta ce ya zo unguwar Kinkinau ya ɗauki kamun 'yarta ta fari Nafisat, sai ya ce ba matsala, har da ɗaga kafaɗa. Rabonsa da ganin Nafisat tun tana firamare.

Ya tarar da wata a tsakar gida an lulluɓe ta da lafaya, ƙawaye sun kewaye ta. Nan fa gwanin naku ya duƙufa. Ya durƙusa, ya kwanta rub da ciki, ya hau kujerar roba har ta nemi kayar da shi. Ya ɗauki lalle, ya ɗauki zobe, har takalmi bai bari ba. 'Yan mata na ta ƙyalƙyala dariya, shi kuwa a zatonsa burge su yake yi.

Da dangin ango suka yaye lafayar, sai ga Atika ƙawar amarya tana musu gwalo. Ashe tarko ne ƙawaye suka ɗana, kowa ya sani sai dangin ango da shi. Kafin a fito da amaryar gaskiya daga ɗaki batirinsa ya mutu, na biyun kuwa yana can Malali a jikin caji.

Sau ɗaya ake kamu, ya sa yarinya ta rasa hoton nata. Washegari ya ɗauki kwamfuta ya koma Kinkinau kamar mai zuwa gaban alƙali, ya buɗe hotunan a gaban uwa da 'ya.

Nafisat ta daɗe tana kallo. "Yaya Sharhabil, duk wannan Atika ce? Ko ita za a kai gidan mijin?"

Ya sunkuyar da kai yana ta dannawa.

"Tsaya," in ji ta. "Koma baya. Ƙaro mini wajen tagar nan."

A bayan Atika, ta tagar ɗaki, ga Hajiya Larai, wadda ko sunan Nafisat ba ta faɗa don kunyar 'yar fari, ta tallafi fuskar 'yar tata da hannu biyu, goshinsu a haɗe. Shi bai ma san tagar ta shiga hoton ba.

Idon Nafisat ya ciko. "Ni da Umma ba mu da hoto tare ko ɗaya."

Hajiya ta ɗaure fuska. "Wane irin rashin ta ido ne wannan? Goge shi."

Ya ce to, ya tattara kayansa ya fita. Yana ƙoƙarin tayar da babur a ƙofar gida sai ga Hajiya ta biyo shi, tana gyara mayafi, tana kallon wani wajen.

"Ka goge?"

"Tukuna, Hajiya."

"To, wanko mini guda, ɗan ƙarami wanda zai shiga jaka. Ofis za ka kawo mini. Kada mamanka ta ji labari."