Kabarin Bambo Kamwendo

Hantsi ya ɗaga, rana ta fara cizo, ko iska babu, amma har yanzu ba a sari ƙasa ko sau ɗaya ba a maƙabartar. Masu haƙar kabari, adzukulu, su goma sha biyu suna zaune a inuwa, kowa ya jingine fartanyarsa. Limbani ne kaɗai a tsaye.

Maƙwabcinsa ne ya rasu jiya da la'asar, Bambo Kamwendo, akantan da ya yi shekara talatin da ɗaya a Blantyre yana duba lissafin wani kamfanin ganyen shayi. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa zaman makoki a ƙauyen ba. In an yi rasuwa sai direbansa ya zo, ya miƙo ambulan ɗin kuɗi ta tagar mota, ya juya. Kullum dai ƙarshen wata ne, aiki ya riƙe shi.

Bara shanyewar ɓarin jiki ta dawo da shi gida. Limbani ke cicciɓo shi zuwa baranda da safe, ya yi masa aski ranar Asabar. Wata uku da suka wuce aka bi ta ƙofar gidan da gawar matar Chimtengo, babban adzukulu, mata suna waƙa. Bambo Kamwendo ya ce a goya shi ya bi su. Limbani ya durƙusa ke nan sai Bambo Kamwendo ya ce a bari, da wace fuska zai je? Ya ce shi da ke gano kuɗi ko kwacha ɗaya da ta ɓace cikin shafi dubu, bai san inda aka binne gwaggonsa ba.

Duk wannan Limbani ya faɗa wa Chimtengo, ya ƙara da cewa zafin nan ba zai bar gawa ta kai gobe ba. Tsohon ya saurara yana murza taba.

"Achimwene, ɗan'uwana, mu ba ƙin sa muka yi ba," in ji shi. "Sanin sa ne ba mu yi ba."

Duk da haka Limbani ya ga alamar za su sauko, don biyu daga cikinsu har sun kai hannu ga fartanya. Sai ga ɗan mamacin, Masauko, ma'aikacin banki da ya iso daga Lilongwe da asuba, takalminsa na sheƙi. Ya gaida su da ladabi, ba laifi. Sannan ya zaro ambulan daga aljihu, ya tambaya nawa-nawa ne kuɗin aikin kowa.

Limbani ya sunkuyar da kai. Tun da aka kafa ƙauyen ba a taɓa biyan adzukulu ba, kaza da tuwo ake kai musu bakin rami.

Chimtengo ya karɓi ambulan ɗin da hannu biyu, ya ajiye ta a ƙasa, ya ɗora mata fartanya.

"Bismillah, uwargida ambulan. Shekara talatin kina zuwa mana makoki, ai kin koyi haƙa."

Wani ya yi dariya, ba wanda ya taya shi. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bi hanyar gona.

Daga gidan mamacin ana jiyo waƙar mata, siririya, ba su fi murya biyar ba. Limbani ya tofa yawu a tafinsa ya fara sara. Masauko ya daɗe a tsaye kafin ya cire kwat ya rataye a reshe.

Kafin rana ta take ramin ya kai gwiwa, sai suka tarar da marmara. Fartanya ta riƙa dawowa tana ƙara kamar an bugi ƙarfe. Hannun Masauko ya yi bororo har ya fashe. Ya zauna a bakin ramin, ya tambayi Limbani ko ubansa mugun mutum ne.

"A'a. Mutumin kirki ne. Zuwa ne kawai bai yi ba."

Suka ci gaba, ramin bai ƙaru da ko taƙi ɗaya ba.

Can sai ga Chimtengo ya ɓullo daga cikin itatuwa, da diga a kafaɗa. Bai dubi kowa ba. Ya sauke ta a kan tsibin jar ƙasar, ya juya ƙotar wajen hannun Limbani, ya koma ta inda ya fito. Masauko ko kai bai ɗago ba.