Ranar da Aka Rage wa Giwa Igwa

A shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da wayar salula ta fara shiga aljihun 'yan kasuwa, shagunan intanet suka yi ta tsirowa a Sabon Garin Kano. Ɗaya daga ciki na Oga Ifeanyi ne, a saman wani bene, kan shagunan masu sayar da kayan gyaran babur. Sauran ranaku ɗalibai da masu aika saƙo ƙasar waje ne ke cika shi. Ranar Asabar da rana kuwa, shagon na 'yan wasan Dodon Ƙarfe ne, kuma a cikinsu babu wanda ya kai Sodiq zumuɗi.

Sodiq ɗan Alhaji Yekini ne mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. A Fagge aka haife shi, Yarbanci a gida, Hausa a titi. Duk mako yana shago yana warware turmi yana naɗewa, amma hankalinsa na can wajen dodonsa. Da Asabar ta yi, ana sallame azahar zai ce, "Baba, zan leƙa Sabon Gari," ya tsallaka shataletalen Bata da sauri kafin tsohon ya tuna da wani aike.

Wasan ba wuyar ganewa. Kowane ɗan wasa yana da butum-butumin ƙarfe mai tsayin bene, kuma shi zai haɗa abinsa da kansa: ƙafafu, inji, sulke, makamai, da lagireto mai sanyaya jiki idan harbi ya yi yawa. Doka ɗaya ce ta ɗaure kowa, kada nauyin dodo ya wuce tan ɗari. In ka cika sulke, sai ka rage makami. In kana son gudu, sai ka haƙura da kauri. A nan daɗin yake, a nan kuma gardamar take.

Sodiq ya sa wa nasa suna Giwa. Wata rana yana ta gwaje-gwaje sai dabara ta faɗo masa. Ya cire lagireto gaba ɗaya, ya kwashe sulken baya, ya ɗora wa Giwa babbar igwar nan da ake kira Tsawa har guda huɗu, biyu a kowace kafaɗa. Da ya sake su a lokaci guda, zafi ya kan sa Giwa ta ɗauke wuta ta tsaya cak kamar motar da mai ya ƙare mata. To amma me ya dame shi? Kafin ta farfaɗo, abokin karawa ya riga ya zama tarkace.

Asabar bayan Asabar babu mai iya tsayawa gabansa. Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne Somtochukwu, da kowa ke kira Somto, mai gyaran talabijin a layin baya. Nasa dodon siriri ne mai tsalle-tsalle, Mazari, kuma kafin wannan dabarar shi ne gwanin shagon.

"Wannan ba wasa ba ne," in ji Somto, ya ture kujera baya bayan Giwa ta sake tarwatsa shi. "Ko akuya aka ɗora a kan kujerar nan, ta taka maɓalli ɗaya, za ta ci. Ina gwanintar take?"

"Nauyina ya wuce ɗari?" in ji Sodiq yana dariya. "Zo ka duba. Ɗari cif. Wasan ya yarda, kai wa ne?"

Musu ya kaure har Oga Ifeanyi ya taso daga teburinsa. Ya ce daga yau ya haramta igwa huɗu a shagonsa, magana ta ƙare.

"Haba Oga!" Sodiq ya miƙe. "Zamanin kafa doka da baki ɗaya ya wuce. Farar hula ke mulki yanzu. A kaɗa ƙuri'a!"

Shago ya ɗauki shewa. Ujunwa, ƙanwar Oga Ifeanyi, wadda ke kula da kwamfutocin kuma ita ma 'yar wasa ce, ta ɗaga hannu ta ce a saurare ta kafin a yi zaɓe. Ta daɗe tana hira da wasu 'yan wasa uku a Akkara, waɗanda ke taƙamar ba a taɓa cin su ba a Afirka ta Yamma, kuma sun yarda su kara da Kano Asabar mai zuwa, uku da uku.

"Ni ma igwar nan ta ishe ni," in ji ta. "Amma in za a harba ta a kan mutanen Gana, ku bar ta ta kwana bakwai."

Hannuwa suka tashi sama. Har Somto, bayan ya ja tsaki, ya ɗaga nasa rabi. Aka tsayar da 'yan wasa: Sodiq, Somto da Ujunwa.

Makon nan Sodiq bai san yadda ya wuce ba. Wata hajiya ta ce ya ba ta shuɗiyar atamfa ya miƙa mata koriya. Shi dai yana hango yadda Giwa za ta fito daga bayan dutse, Tsawa huɗu su yi magana, Akkara ta yi tsit.

Ranar Asabar ya tarar da shagon maƙil. 'Yan Fagge sun zo, 'yan Sabon Gari sun zo, wasu a tsaye a matakala. Oga Ifeanyi ya tada janareta tun kafin a buƙace shi, ya jawo kwamfutoci uku ya jera su wuri ɗaya. Sodiq ya zauna a tsakiya, ya murza yatsunsa, ya buɗe wasan.

Sai ga wani jan rubutu ya gitta a kan Giwa. Ya danna maɓallin shiga fili, ya ƙi. Ya sake dannawa, ya ƙi.

"Ujunwa, mene ne wannan?"

Ta leƙo, ta karanta, ta dafe kai. Masu wasan sun fito da sabuwar doka da safiyar nan. Sun ce koke ya yi yawa daga ƙasashe daban-daban, don ba Sodiq kaɗai ya gano dabarar ba. Daga yau dodo ɗaya ba zai ɗauki Tsawa fiye da biyu ba, sun ƙara mata nauyi, kuma duk wanda ya harba ta babu lagireto, ba ɗauke wuta zai yi ba, fashewa zai yi.

Somto ya fashe da dariya har da buga tebur. "Na faɗa! Wallahi na faɗa! Ashe duniya ma ta gaji da kai!"

"Yi dariyarka da sauri," in ji Ujunwa, tana nuna ƙasan allo inda saƙon 'yan Akkara ke ƙyaftawa. "Sun shiga fili. Sun ce in ba mu fito ba za su ɗauka mun gudu."

Dariyar ta tsaya. Sodiq ya koma kan Giwa. Ya cire igwa biyu, ya mayar da lagireto, ya ga nauyi ya haura. Ya rage sulke, Giwa ta koma kamar gwangwanin madara. 'Yan kallo kowa na faɗin tasa, wannan ya ce a sa roka, wancan ya ce a canza ƙafafu. Igwa biyu ba za su kashe kowa da harbi ɗaya ba, shi ya fi kowa sanin haka. Huɗu ake buƙata. Ya juya ya dubi allon Somto, inda Mazari ke tsaye a kan siraran ƙafafunsa.

"Somto," ya ce. "Sun ce dodo ɗaya ba zai ɗauki huɗu ba. Ba su ce dodo biyu ba."

Somto ya gane nan take, fuskarsa ta yamutse. "Kana nufin in ɗauki ƙazamar igwar nan? Ni? Mazari ko ɗaya ba zai iya ɗauka ya yi tsalle ba."

"Ajiye tsallen yau. Sa masa manyan ƙafafu. Kai biyu, ni biyu, mu saki tare a kan mutum ɗaya."

"In ɗayanmu ya makara ko da ƙiftawar ido fa?"

"Sai su yi mana dariya har Kumasi."

Somto ya dube shi, ya dubi jama'a, sannan ya jawo kujerarsa ya hau aiki. Yatsun da suka saba da ƙananan wayoyin talabijin suka yi ta gudu a kan madannai. Ya kuma leƙo allon Sodiq ya ce, "Cire wannan ƙaramar bindigar, ba ta da amfani. Mayar da nauyinta sulken gwiwa. A gwiwa nake samun ka kullum, in igwarka ba ta riga ni ba." Ujunwa kuwa ta zubar da kusan dukkan makamanta, ta lulluɓe dodonta da sulke tun daga kai har ƙafa.

"Ni ce ƙofar gari," ta ce. "Ku tsaya bayana."

Jan rubutu ya ɓace. Aka shiga.

Filin wani rusasshen birni ne, benaye a karye, hayaƙi na tashi. Dodannin Akkara uku suka ɓullo daga ƙarshen titi, dukkansu baƙaƙe, suna tafe a jere kamar masu fareti. Ujunwa ta fita tsakiyar titi ta tsaya. Ruwan wuta ya sauka a kanta, sulke na ɓarewa yana zuba, ita kuwa ko gezau.

"Na hagu! Na hagu!" Sodiq ya yi ihu. "Yanzu!"

Ya harba. Somto ya biyo baya da ɗan jinkiri, na hagun ya goce, harsasan suka rushe bangon wani bene. Kafin igwa ta huce, an cire wa Mazari hannu ɗaya.

"Ka ce yanzu bayan ka riga ka danna!" Somto ya daka masa tsawa.

"To ya kake so in ce?"

"Kada ka ce komai! Ku," ya juya ga 'yan kallo, "ku ƙirga mana!"

Ujunwa ta ja da baya cikin wani lungu, 'yan Akkara suka biyo ta a guje, suna ganin nama ya samu. Na gaba ya shigo bakin lungun. Shago gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya, da Hausa, har waɗanda ke matakala ba sa ganin komai: "Ɗaya! Biyu! Uku!"

Tsawa huɗu suka tashi kamar daga baki ɗaya. Baƙin dodon ya rabe biyu, ƙafafu a nan, ƙirji a can. Ihun da aka yi ya sa masu kayan babur na ƙasa suka fito titi suna ɗaga kai.

Amma 'yan Akkara ba yara ba ne. Biyun da suka rage suka rabu, ɗaya ya haye saman benen nan da aka rushe wa bango, ɗaya ya zagayo ta baya. Ujunwa ta tare na bayan da jikinta, ta rungume shi ta danne a jikin bango, yana ta zuba mata wuta a ciki.

"Ku harbe mu tare!" ta ce. "Na riga na ƙare, ku harba!"

Aka ƙirga, aka saki. Dodanni biyun suka tarwatse tare. Ujunwa ta saki linzamin kwamfuta ta miƙe tana tsalle kamar ita ta ci.

Saura ɗaya, kuma shi ne gwaninsu. Daga saman bene ya auna gwiwar Giwa ya yi ta duka. Sodiq ya ga alamar gwiwar ta koma ruwan ɗorawa, ta koma ja. Ba ta karye ba. Mazari kuwa bai yi sa'a ba, roka ta same shi a kafaɗa, igwa ɗaya ta faɗi ƙasa.

"Uku ba za su kashe shi ba," in ji Sodiq.

"Wa ya ce shi za mu harba?" in ji Somto. "Dubi ginshiƙin da ke ƙarƙashinsa. Ɗazu mun riga mun ci rabinsa da kuskurenmu."

Sodiq ya sauke bakin igwa. Jama'a suka ƙirga, wannan karon har da Oga Ifeanyi a tsaye kan kujera. Ginshiƙin ya tarwatse, benen ya sunkuya, ya rufto da dodon Akkara cikin ƙura. Yana ƙoƙarin miƙewa Giwa ta iso da ɗingishi, ta ɗaga ƙafa ta taka masa kai.

Sodiq bai san lokacin da ya rungume Somto ba. Wani ya ɗaga Ujunwa da kujerarta, tana ihu a sauke ta. Oga Ifeanyi na roƙon a yi hankali da wayoyi, shi kansa yana rawa. A ƙasan allo 'yan Akkara suka rubuto cewa sun yarda, amma suna son a sake haɗuwa, kuma wa ya koya wa mutanen Kano harbin gini?

A can kusurwa, wata dattijuwa mai suna Madam Veronica, da ta zo aika wa ɗanta saƙo tun kafin a fara, tana tsaye da jaka a hammata, muryarta har ta dishe don ita ma da ita aka yi ƙirgan. Da hayaniya ta ɗan lafa ta taɓo kafaɗar Sodiq.

"Ɗana," ta ce tana haki, "waɗanne ne namu a ciki?"

Sodiq ya share zufa, ya jawo mata kujera kusa da shi, ya fara nuna mata tun daga ƙafafu.